Ma'anar "yawon gaɓa" da "kwanan tudu" a jirgin ruwan shaƙatawa

Jirgin ruwan shaƙatawa otal ne mai tafiya. Dare yana kan teku, gari na wayewa ya shiga wata tasha, ya yini, kafin magariba ya ɗaga. Awannin da yake tsaye, galibi daga ƙarfe 7 ko 8 na safe zuwa 5 ko 6 na yamma, su ne lokacin yawon gaɓa: fasinja ya sauka, ya zaga gari ko wani wurin tarihi, ya dawo kafin a janye gadar hawa. Kuɗin ɗaki da abinci bai haɗa da wannan yawo ba, sai a 'yan jirage masu tsada. Daban ake biya.

Hanya biyu ce. Ko ka saya a hannun kamfanin jirgin, ko ka shirya da kanka da wani mai motar yawo a garin. Na kamfani ya fi tsada, kuma sau da yawa babbar bas ce mai mutum 40 ko fiye, kowa da lamba manne a ƙirji, ana bin ɗan jagora mai ɗaga allo. Na waje ya fi sauƙi, mutane kaɗan, ka tsaya inda ka ga dama. Amma ba kujerar bas kaɗai ake saya da wannan ƙarin kuɗi ba. Alkawari ake saya: in motar kamfani ta makara, jirgi zai jira, in kuma jiran ba zai yiwu ba, kamfanin ne zai kai ka tasha ta gaba da kuɗinsa. Wanda ya shirya da kansa ba shi da wannan alkawari. Lokaci na cika, an tafi.

Ba ƙeta ba ce. Matsayar jirgi a tasha haya ce ta awanni, wani jirgin na iya jiran wurin. An riga an kira jagoran tasha da zai fitar da jirgin, da masu kwance igiya, a wasu wuraren kuma sai an yi la'akari da cikar teku da janyewarsa. Kyaftin ba zai ɓata wa mutum dubu uku tafiya don biyu sun tsaya ciniki a kasuwa ba.

Lokaci biyu ake rubutawa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin da dole kowa ya kasance cikin jirgi, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashin. In an ce jirgi zai tashi 6:00, naka lokacin 5:30 ne. Ana rubuta shi a takardar shirin yini da ake sakawa a ɗaki, da manhajar jirgin, da allon da ke bakin gada. Ɗauki hoton allon nan da waya kafin ka taka ƙasa. Sannan akwai agogon jirgi da agogon gari, waɗanda ba kullum suke daidai ba, domin wasu jiragen ba sa canja agogonsu a kowace tasha. Wayar hannu kuwa da ta kama sabis ɗin garin sai ta juya da kanta ba sallama. Shi ya sa masu yawan wannan tafiya ke ɗaura agogon hannu na gargajiya, a saita shi da na jirgi, a ƙyale shi.

Bayan lokaci, nisa shi ne abu na biyu da takardar talla ba ta cika faɗa da ƙarfi ba. An rubuta "Rum", amma jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. An rubuta "Alƙahira", jirgi yana Iskandariyya, wajen kilomita 220, tafiyar awa uku in hanya ta yi kyau. Daga Safaga a gaɓar Bahar Maliya zuwa Luksor ma sama da awa uku ne. Daga Aƙaba zuwa Petra a Jodan kamar awa biyu. A irin waɗannan tashoshi, inda zuwa da dawowa kaɗai ke iya cin har awa shida, tayar mota ɗaya ta fashe ko cunkoson shiga gari ya isa ya raba mutum da jirginsa. A nan yawon kamfani ya ci kuɗinsa. Amma inda jirgi ke tsayawa a cikin gari, kamar Baletta a Malta, biyan kuɗin bas ɓarna ce. Ƙafa ta isa.

Wasu tashoshin ba su da matsayar da za ta ɗauki babban jirgi. Sai ya tsaya can cikin ruwa, a riƙa fito da mutane a ƙananan jirage. Santorini a Girka haka take. Da safe ana fara sauke masu tikitin kamfani, sauran su karɓi lamba su jira, abin da kan ci awa guda ko fiye, don haka kada ka yi wa direban waje alkawarin ƙarfe 8 don kawai jirgi zai iso ƙarfe 8. Da yamma kuma Fira, babban garin tsibirin, yana can kan tsauni, saukowa sai ta motar igiya, wato ɗan ɗakin da ke tafiya rataye da waya, mai ɗaukar mutane kaɗan a sawu ɗaya, ko ta matakala kusan 600 da jakuna ke bi. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin motar igiyar kan miƙe har cikin lungu. Jirgin fito na ƙarshe shi ne lokacinka. In iska ta yi ƙarfi kuma, kyaftin na iya soke tashar gaba ɗaya. Kamfani zai mayar maka da kuɗin yawonsa, mai motar waje kuwa sai abin da kuka rubuta tun farko. Kafin ka tura masa ko sisi, ya rubuta maka cewa in jirgi bai tsaya ba zai dawo da kuɗi.

Kwanan tudu kalma ɗaya ce da ke ɗauke da abu biyu. Na farko, jirgin ne ke kwana a tasha, kamar yadda wasu ke yi a Istanbul ko Dubai. Gadar hawa takan zauna a buɗe, ka ci abincin dare a gari, ka dawo ɗakinka ka kwanta. Jirgin ba ya neman wata takarda ta musamman, illa katin jirgi da ake dubawa a fita da shiga.

Na biyun shi ne mai sharuɗɗa: fasinja ya kwana a otal, ya tarar da jirgi washegari, wani lokaci ma a wata tashar. Misalin da aka fi sani shi ne na Masar. Jirgi ya tsaya Iskandariyya, bas ta kwashi mutane zuwa Alƙahira, a ga dalar Giza da gidan tarihi, a kwana, washegari a zaga tsohon birni wajen Masallacin Muhammad Ali da kasuwar Khan al-Khalili, da yamma a nufi Fot Sa'id inda jirgin ya riga ya isa cikin dare. In na kamfani ne, otal da abinci da mota duk suna cikin kuɗin, sai dai farashin na mutum biyu ne a ɗaki ɗaya, mai son ɗaki shi kaɗai zai ƙara. Guraben ba su da yawa, sukan ƙare watanni kafin tafiya, sokewa kuma ta fi ta yawon yini tsanani tunda an riga an biya otal. Yawon yini a kamfanoni da dama ana iya soke shi awa 48 kafin ranar.

Mai son shirya irin wannan da kansa sai ya nemi izinin kamfanin a rubuce tun kafin a tashi. Jirgi yana miƙa wa jami'an shige da fice sunan kowane mutum da ya shigo da shi da wanda zai fita da shi, saboda haka wanda ya ɓace daga lissafi ba sanarwa ya jawo matsala ga kansa da jirgin. Akwai ma inda doka ta hana: a Amurka, wata doka ta 1886 ta haramta wa jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka, tarar kuma kan fasinjan take komawa.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, biza ce gaba da komai. Sassaucin da ake yi wa fasinjojin jirgi a wasu tashoshi ba kowane fasfo ya shafa ba, kwana a otal kuma shiga ƙasa ce cikakkiya. Jirgin da ya fita daga Italiya ya taɓa Turkiyya ko Masar ya dawo Girka yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai irin su Italiya da Girka, mai shiga fiye da sau ɗaya. Mai ta shiga ɗaya ana iya mayar da shi tun ranar hawa, kuma ba a dawo da kuɗi.

Jakar kwanan tudu ƙarama ce: fasfo, katin jirgi, magani na kwana uku ko da kwana ɗaya za a yi, caja, katin banki da 'yan kuɗin hannu. Wasu jiragen suna riƙe fasfo a ofishinsu, sai an je an karɓo tun daren jiya. A takardar shirin yini akwai suna da lambar wayar wakilin jirgi a tashar. Shi za ka kira da zarar ka ga alamar makara, tun kana cikin mota, domin in kyaftin ya san saura maka minti goma yana iya ɗan dakatawa. In ba a ji ɗuriyarka ba, za a yi ta kiran sunanka a lasifika, ma'aikata su buɗe akwatin ajiyar ɗakinka, in fasfo na ciki su miƙa wa wakilin, sannan a kwance igiya. Otal, tikitin jirgin sama zuwa tasha ta gaba da sabuwar biza in ana buƙata, duk daga aljihunka za su fito, sai fa in inshorar tafiyarka ta ambaci rasa jirgi a tasha ƙarara.