Aston Martin DB5, motar James Bond

Aston Martin DB5 motar alfarma ce mai ƙofa biyu wadda kamfanin Aston Martin na Ingila ya ƙera daga 1963 zuwa 1965 a masana'antarsa da ke Newport Pagnell. Haruffan DB na sunan David Brown ne, attajirin da ya sayi kamfanin a 1947. Wani kamfanin Italiya da ke Milan, Carrozzeria Touring, shi ya zana jikinta, aka yi shi da alminiyam don kada ta yi nauyi. Injinta mai silinda shida ne, lita 4, da ƙarfin doki 282. Guda dubu ɗaya da 'yan kai kawai aka ƙera, amma da wuya a samu motar da ta kamo ƙafarta wajen suna a tarihin fina-finai.

Fim ɗin Goldfinger na 1964 ne ya ɗaga ta, inda Sean Connery ya fito a matsayin ɗan leƙen asirin Birtaniya James Bond. A littafin Ian Fleming na 1959 da aka ɗauko labarin daga ciki, DB Mark III ce Bond yake tuƙawa. Da aka tashi yin fim, sai masu shiryawa suka nemi sabuwar da kamfanin ya fitar, aka yi mata fenti ruwan azurfa, aka liƙa mata lamba BMT 216A.

Abin da ya sa ba a manta ta ba shi ne kayan yaƙin da John Stears, mai haɗa dabarun fim, da abokan aikinsa suka ɗaura mata. Fitilun sigina na gaba sukan buɗe, bakin bindigogi biyu ya leƙo. Lambar motar na juyawa ta koma ta Faransa ko ta Switzerland. Idan ana harbi daga baya, wata garkuwar ƙarfe sai ta taso ta rufe gilashin baya, motar kuma ta yi ta aman hayaƙi ko ta malala mai a kan kwalta, masu bi su zame. A cibiyar tayar baya akwai wuƙaƙe masu fitowa su yayyaga tayar motar da ta jera da ita, kamar yadda aka yi wa wata Ford Mustang a kan tsaunukan Switzerland. Amma wanda ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne ɗan jan maɓallin da ke ɓoye a kan sandar giya: da an danna shi, wani ɓangare na rufin ya fita, kujerar mai zaman banza ta yi sama da wanda ke kanta. Gwanintar fim ɗin ita ce tun farko aka sa Q, mai ƙera wa Bond kayan aiki, ya nuna masa yawancin dabarun ɗaya bayan ɗaya, har mai kallo ya zauna yana ɗokin ganin lokacin da za a taɓa maɓallin nan.

Ta sake fitowa a Thunderball a 1965, sannan aka daɗe ba a ga Bond a cikinta ba sai a GoldenEye na 1995. A Casino Royale na 2006 a teburin caca ya ci ta. A Skyfall na 2012 an tarwatsa ta a Scotland, a No Time to Die na 2021 kuma an gan ta tana ɓarin wuta a tsohon garin Matera na Italiya.

Tasirinta bai tsaya a sinima ba. A 1965 kamfanin Corgi ya fitar da 'yar ƙaramarta ta wasan yara, har da kujerar mai tashi sama, aka sayar da miliyoyi. A 2019 an yi gwanjon ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙera don tallata Thunderball a kan kusan dala miliyan 6.4. Aston Martin ma da kansa ya sake ƙera guda 25 masu kwaikwayon kayan Goldfinger, aka fara miƙa su ga masu saye a 2020, kowacce a kan fam miliyan 2.75 ban da haraji, kuma doka ba ta yarda a hau titi da su ba.

Ita kuwa ainihin wadda aka ɗaura wa kayan yaƙin a 1964, a watan Yunin 1997 ɓarayi suka ɗauke ta cikin dare daga wata rumfar ajiye jirage a filin jirgin saman Boca Raton da ke jihar Florida ta Amurka.