Dokar fam uku da ta zaunar da Haydn Bunton shekara guda

A 1930 hukumar gasar ƙwallon Ostiraliya ta jihar Biktoriya, wato VFL, ta kafa wata doka da ake kira Dokar Coulter, sunan Gordon Coulter, jami'in kulob ɗin Melbourne da ya jagoranci tsara ta. Wasan da ake magana shi ne na ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda mutum 18 ke bugawa a kowane ɓangare.

Dokar ta ce kada a biya ɗan wasa fiye da fam 3 a wasan mako. Ta kuma haramta kuɗin sa hannu, wato dunƙulen da ake damƙa wa yaro ko kulob ɗinsa na ƙauye don ya koma wata ƙungiya. Tun 1911 aka halatta biyan 'yan wasa, to amma masu hannu da shuni sun fara saye duk wani yaro mai hazaƙa, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta shigo, ƙananan ƙungiyoyi na neman durƙushewa. An so a rage gudu kowa ya samu.

A kan Haydn Bunton dokar ta fara nuna haƙoranta. Ɗan garin Albury ne, an haife shi a 1911, kuma tun bai cika shekara ashirin ba ƙungiyoyin Melbourne suka yi masa caa. Fitzroy ta yi nasara, sai ya fito fili cewa akwai maganar fam 222 a ciniki. Ka lissafa: kuɗin wasa 74 ke nan, alhali kaka guda wasa 18 ce. Aka hana shi bugawa a gasar duk kakar 1930.

Da ya shigo a 1931, a shekarar ya lashe lambar Brownlow ta gwarzon gasa, ya maimaita a 1932 da 1935. Nan ne dokar ke ba ni takaici. Mutumin da jama'a ke cika fili don su kalla, a takarda iyakarsa fam 3, daidai da wanda da ƙyar yake shiga cikin 18. Manya ke tayi, yaro ke shan hukunci.

Kuma an san ba ta toshe kafa ba. Kuɗi suna bi ta bayan fage, ko a nema wa ɗan wasa aikin yi a kamfanin wani mai goyon bayan kulob. Wanda ya gaji sai ya bar gasar. Bunton ya tafi Subiaco a Yammacin Ostiraliya a 1938, ya ci lambar Sandover ta gwarzon gasar can sau uku. Wasu taurarin VFL ma sun fice: Laurie Nash ya koma Camberwell a shekarar, Ron Todd kuma Williamstown a 1940, duka a VFA, wata gasar daban ta jihar Biktoriya da dokar ba ta da iko a kanta.

An riƙa ɗaga adadin lokaci zuwa lokaci, dokar ta kai kusan shekara arba'in kafin a soke ta.