Babu Tsutsa a Cikin Haƙori

A Maraɗi har yanzu ana jin masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma ba ta da magani sai cire haƙorin. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cutar da ke baki ne suke mayar da sukari, irin na shayin da ake sha a fada, ya zama sinadari mai tsami da ke narkar da haƙori har ya yi kogo.

Idan an je da wuri, likitan haƙori yakan kankare ruɓaɓɓen wurin ya cike shi. Idan ruɓar ta kai jijiya, yakan cire jijiyar, ya wanke tushen, ya toshe. Cirewa takan zo a ƙarshe, domin giɓin yakan sa haƙoran gefe su karkata, sai an dasa wani ko an sa na roba.