Stomp: kalmar Turanci ta taku mai nauyi

Stomp aikatau ne a Turanci da ke nufin dira ƙafa a ƙasa da ƙarfi har a ji ƙara, ko tafiya dim-dim kamar za a fasa daɓe. Nauyin jiki kaɗai ba ya sa a yi amfani da ita. Galibi akwai fushi, ko gangan, ko kiɗa a bayan takun.

Asalinta stamp ce. A tsohon Turanci akwai stempan, wato daka abu a turmi, kuma Jamusanci na da 'yar'uwarta stampfen har yau. Hoton da ke cikin kalmar ke nan: ƙafa ta zama taɓarya, ƙasa ta zama turmi. Stomp ta fito ne a matsayin lafazin karkara na stamp, ta fara bayyana a rubuce a farkon ƙarni na 19, ta kuma yi ƙarfi a Amurka. Stamp ta ci gaba da ɗaukar ma'anar buga hatimi da kan sarki na wasiƙa, amma stomp ba ta bi ta can ba, ta tsaya a ƙafa.

'Yar kalmar da ke biye da ita ce ke juya ma'ana, kuma nan ne mai koyo ya fi bukatar lura. Stomp on na nufin take abu da ƙarfi, kamar kunama ko wutar da ta kama ciyawa. Stomp out da stomp off ana faɗarsu ga wanda ya fice fuu bayan cacar baki, yana buga ƙafa don kowa ya san ransa ya ɓaci. Stomping ground kuwa wurin da mutum ya saba zama ne, irin majalisar da ya taso a cikinta. Mutanen Birtaniya sun fi cewa stamping ground, haka kuma sun fi amfani da stamp wajen yaron da ke bubbuga ƙafa don rigima.

A kiɗan jaz, stomp suna ne na rawa ko kiɗa mai kaifin bugu, kamar King Porter Stomp, kiɗan da Jelly Roll Morton, makaɗin fiyano ɗan Amurka, ya ɗauka a faifai a 1923.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Na farko a rubutu: ba a ninka p, domin baƙaƙe biyu ne suka rufe kalmar, don haka stomped da stomping ne daidai, kuma ƙarshen stomped da sautin t ake furta shi. Na biyu shi ne rikita ta da maƙwabtanta. Trudge da plod tafiyar gajiya ce, ta mai jan ƙafa a cikin yashi ko taɓo, trample kuma tattakewa ce da ke lalata abu, kamar shanu a gona. Stump kututture ne, wasali ɗaya kacal ya raba ta da stomp.