Hasashen Tsawon Rayuwa a Kansar Ƙoda ta Hanyar Auna Aikin Ƙwayoyin Gado

Auna aikin ƙwayoyin gado hanya ce ta binciken likitanci da ake duba ƙarin da aka ciro daga ƙodar mai kansa, a gano waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki da ƙarfi a cikinsa, waɗanne ne kuma suka lafa, sannan a yi amfani da hakan wajen ƙiyasta ko cutar za ta dawo bayan tiyata da kuma tsawon lokacin da majinyaci zai iya rayuwa. Yawancin binciken ya karkata ne ga nau'in da sel ɗinsa ke fitowa garau a madubin likita, wanda ake taƙaita sunansa da ccRCC. Shi ne ya fi yawa, kusan kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na kansar ƙoda a manya.

Dalilin neman wannan hanya

A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum sama da 430,000 ne suka kamu da kansar ƙoda a duniya, kusan 180,000 kuma suka rasu sanadinta. Idan aka gano ta tana cikin ƙoda kawai, fiye da kashi 90 cikin 100 na majinyata a Amurka kan wuce shekara 5 a raye. Idan ta riga ta bazu zuwa huhu ko ƙashi ko hanta, adadin ba ya kai kashi 20. Matsalar tana tsakiya: cikin waɗanda aka yi wa tiyata aka ce an cire komai, wajen kashi 20 zuwa 30 cutar kan dawo musu, wani lokaci bayan shekaru masu yawa.

Tun da daɗewa likitoci na da ma'aunansu. Akwai tsarin TNM mai duba girman ƙari da inda ya kai, da darajar Fuhrman ta 1982 mai duba siffar cibiyar sel, da makin SSIGN na asibitin Mayo na 2002, da makin IMDC na 2009 ga waɗanda cutarsu ta bazu. Duk suna aiki. Sai dai akan sami majinyata biyu, girman ƙarinsu ɗaya, darajarsa ɗaya, wannan ya warke sarai, wancan cutar ta ci ƙarfinsa cikin shekara biyu. Bambancin da ido bai gani ba, shi ake nema a ƙwayoyin gado.

Yadda ake aunawa

Kowace ƙwayar gado da ke aiki tana fitar da kwafin saƙonta a matsayin RNA, wanda daga shi ake ƙera furotin. Yawan RNA ɗin shi ne alamar ƙarfin aikinta. A tsakiyar shekarun 1990 aka samar da ɗan faranti mai ɗauke da dubban ɗigon DNA, wanda ke ba da damar auna dubban ƙwayoyin gado a karo guda. Daga wajen 2008 kuma karanta jerin RNA kai tsaye ya fara maye gurbinsa. Masu bincike kan tara ƙarin ɗaruruwan majinyata da aka san yadda rayuwarsu ta kasance bayan tiyata, su sa kwamfuta ta zaɓo ƙwayoyin gadon da hawansu ko saukarsu ke tafiya tare da mutuwa da wuri, su haɗa su a maki guda. Makin ba ya zama abin dogaro sai an gwada shi a kan wasu majinyata dabam da ba a yi amfani da su wajen gina shi ba. Nan ne da yawa daga cikin makunan da aka wallafa suke faɗuwa.

Manyan bincike

Wani aiki na farko-farko ya fito a 2001 daga cibiyar Van Andel ta jihar Michigan, inda aka duba ƙari 29 kacal, aka ga sun rabu gida biyu: masu saurin kisa da masu sauƙi. A 2006 masana daga jami'ar Stanford da jami'ar Umeå ta Suwidin suka auna ƙari 177, suka fitar da ƙwayoyin gado 259 da ke hasashen tsawon rayuwa ko da an riga an yi la'akari da matakin cutar da darajar ƙarin.

A 2010 ayarin Kimryn Rathmell na jami'ar North Carolina ya raba ccRCC zuwa rukuni biyu, ccA da ccB, inda masu ccA suka fi daɗewa a raye. An taƙaita wannan rabon zuwa ƙwayoyin gado 34 a 2014, aka sa masa suna ClearCode34. A 2015 Brian Rini da abokan aikinsa suka tace ƙwayoyin gado 732 a ƙarin majinyata 942 na asibitin Cleveland har suka tsaya a kan 16, sannan suka tabbatar da makin a kan majinyata 626 a Faransa.

Abin da waɗannan ayyuka suka nuna ya yi kama da juna. Kusan duk ccRCC kan fara ne da lalacewar ƙwayar gadon VHL da ke kan kromosom na 3, wadda aka gano a 1993. Idan ta lalace, sel yakan ɗauka yana cikin ƙarancin iskar oksijin ko da akwai ta, sai ya yi ta kiran sababbin jijiyoyin jini. Abin mamaki, ƙarin da ƙwayoyin gadon jijiyoyin jini ke aiki sosai a cikinsa shi ya fi sauƙi. Wanda ya bar wannan hali ya koma saurin rarrabuwar sel da kumburi, shi ne mugun. Babban shirin tattara bayanan gadon kansa na Amurka mai suna TCGA, da ya binciki ƙari sama da 400 a 2013, ya ƙara da cewa ƙari mai tsanani kan sauya yadda yake sarrafa abinci, ya rage ƙona sukari ta hanyar da aka saba, ya ƙara ƙera kitse. An kuma lura cewa lalacewar ƙwayar gadon BAP1 tana tafiya da mummunan sakamako fiye da ta ƙwayar gadon PBRM1.

Abin da ya hana ta shiga asibitoci

Cikas mafi girma ya bayyana a 2012, lokacin da Marco Gerlinger da Charles Swanton a Landan suka yanki ƙari guda a wurare daban-daban suka auna kowane yanki. Kusan kashi biyu bisa uku na sauye-sauyen gado ba su bayyana a dukkan yankunan ba. Mafi tayar da hankali, a cikin ƙari ɗaya an sami yanki mai alamar sakamako mai kyau da wani mai alamar mummuna. Ke nan hukuncin da gwajin zai yanke ya danganta da inda allurar ɗebo samfurin ƙarin ta faɗa.

Bayan wannan, abin da makin ke ƙarawa a kan ma'aunan da ake da su sau da yawa kaɗan ne, ga shi yana da tsada. Kuma hasashe ne a kan rukuni: yana iya cewa cikin mutum 100 masu irin wannan maki kaza za su ga dawowar cutar, amma ba zai nuna ko wane ne a cikinsu ba. Akwai kuma giɓin wakilci, domin yawancin ƙarin da aka gina makunan da su na Turawa ne. Wani nazari na 2016 a kan bayanan TCGA ya nuna baƙaƙen fatar Amurka ba su cika samun lalacewar VHL kamar farare ba, kuma sun fi faɗawa rukunin ccB, amma adadinsu a binciken ƙalilan ne ƙwarai.

Zaɓen magani

A 'yan shekarun nan tambayar ta fara sauyawa daga tsawon rayuwa zuwa wane magani ya dace da wa. Nazarin ƙari 823 daga gwajin magunguna mai suna IMmotion151, da aka wallafa a 2020, ya raba su rukuni 7. Masu yawan aikin jijiyoyin jini sun amsa magungunan toshe jijiyoyin, irin su sunitinib, masu alamun garkuwar jiki kuma sun fi amfana da haɗin da ke ɗauke da maganin zaburar da garkuwa. Gwajin BIONIKK na Faransa, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya raba wa majinyata magani bisa rukunin ƙwayoyin gadonsu tun daga farko. Buƙatar irin wannan awo ta ƙaru tun 2021, da aka amince a ba da pembrolizumab, wani maganin zaburar da garkuwa, bayan tiyata ga masu haɗarin dawowar cutar, domin magani ne mai tsada mai illoli, kuma wasu daga cikin masu karɓarsa tiyata kaɗai ta ishe su. Duk da haka, har yanzu matakin cuta da darajar ƙari ne ake dubawa wajen zaɓen wanda za a ba shi.