Sake gini bayan ambaliya ba tare da kashe kifin salmon ba: tambayoyi da amsoshi daga yammacin Kanada

A tsakiyar Nuwamban 2021 ruwan sama mai yawan gaske ya sauka a kudancin lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada, har aka kwashe mutanen garin Merritt baki ɗaya, babbar hanyar Coquihalla ta tsinke a wurare da yawa, gonakin filin Sumas da ke Abbotsford kuma suka koma tafki. Tun daga lokacin, duk sanda na yi magana a kan kifin kogin Fraser da rassansa, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa gare ni, shi ya sa na tattara su wuri guda domin kada in ci gaba da maimaita amsa.

Mutane sun rasa gidaje da dabbobi, don me za a tsaya maganar kifi?

Babu wanda ya ce a bar mutum cikin ruwa saboda kifi. Ceton rai kwanaki yake ɗauka, amma sake gini shekaru yake ci, kuma gadar da aka kafa ko jingar da aka ɗaga bana za ta zauna a bakin kogin har jikoki su same ta. Maganar kifi a wannan sashe na biyu take.

Kifi ai ɗan ruwa ne, ta yaya yawan ruwa zai cutar da shi?

Wannan tambaya ta fi kowace gajiyar da ni, domin mai yin ta babban kifi yake tunani, ya manta da ƙwai. Salmon a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo rafin da ya fito domin ya hayayyafa ya mutu. Macen tana haƙa rami a cikin tsakuwar ƙasan rafi da wutsiyarta, ta zuba ƙwai, ta rufe su, kuma ƙwan nan a wurin za su kwana duk tsawon hunturu, ruwa mai sanyi yana ratsa tsakuwar yana kai musu iskar shaƙa. Ambaliyar 2021 ta zo ne daidai lokacin da ƙwan suke cikin tsakuwa, wasu nau'o'in salmon ma, irin su coho na kogin Coldwater, suna tsakiyar zubawa. Inda ruwa ya yi ƙarfi ya tone tsakuwar ya tafi da ita, inda ya lafa kuma ya zube laka ta toshe ƙwan. Akwai nau'in da ake kira pink wanda rayuwarsa shekara biyu ce cif, kuma a Fraser galibi a shekarun da lambarsu mara ce yake hayayyafa, 2021 tana cikinsu, don haka ƙwansa ma suna cikin tsakuwa lokacin ambaliyar.

Ashe ke nan ambaliya abokiyar gabar kifi ce?

A'a, kuma ku kwantar da hankalinku a kan wannan. Salmon ya yi dubban shekaru yana rayuwa tare da ambaliya, ita ce take kawo sabuwar tsakuwa, ta buɗe ƙananan ƙoramu a gefen kogi, ta jawo itatuwa cikin ruwa. Duk wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ya san cewa shekarar da ruwa ya malala sosai ita ce shekarar kifi. Kogin da aka bar masa fili yana warkar da kansa. Wanda aka matse tsakanin jinga biyu ne ruwansa yake rasa wurin faɗaɗa, sai ya huce fushinsa a kan tsakuwar ƙasansa.

Kogi yana cin gaɓar gonata, yana dab da gidana. In jibga manyan duwatsu ne, ko in sa a yashe tsakuwar da ta taru?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa. Abu na farko shi ne abin da yake bayan gaɓar. Idan gida ne da mutane a ciki, ko ginshiƙin gada, ko hanyar da gari ba shi da wata sai ita, kamar yadda al'ummomin bakin kogin Nicola suka tsinci kansu bayan ruwa ya cinye hanyar da ta haɗa Merritt da Spences Bridge, to ana jibga duwatsu, ba na kuma zargin wanda ya yi. Sai dai a san kuɗin da ake biya: gaɓar da aka lulluɓe da dutse ba ta da inuwa, ba ta da saiwar da ɗan kifi zai laɓe, kuma ruwa yana zamewa a kanta da gudu ya je ya ci gaɓar maƙwabcin da ke ƙasa. Sau da yawa ba a kashe matsalar ba, an tura ta gaba ne kawai. Idan kuwa kusurwar gona ce ko makiyaya, yakan fi dacewa a kwantar da gaɓar, a binne gungume tare da saiwoyinsu suna fuskantar ruwa, a dasa itatuwan bakin rafi, ko da hakan yana nufin an bar wa kogi wani yanki na ƙasar. Na san furta wannan ya fi karɓarsa sauƙi ga manomin da ƙasar tasa ce, shi ya sa diyya ta gaskiya take cikin maganar.

Yashe tsakuwa ya fi wannan sarƙaƙiya. Akwai wuraren da kogi yake saukowa daga tsauni ya iso fili, gudunsa ya ragu, tsakuwa ta taru har ƙasan kogin ya tashi, kamar a kogin Vedder kusa da Chilliwack, kuma a irin wurin ana ɗebe ta lokaci zuwa lokaci bayan an auna. Amma a mafi yawan wurare ramin da katafila ta haƙa ambaliya ta gaba ce za ta cike shi, kafin nan kuma ƙasan kogin yakan zaizaye ta sama da ramin, wani lokaci har ya tone ginshiƙin gadar da ake son karewa. Tsakuwar da ake lodawa a mota kuwa ita ce ɗakin haihuwar kifin. Idan dole ne a ɗebe, a ɗebe daga tudun tsakuwar da ya bushe, ba daga cikin ruwa mai gudu ba, kuma a yi shi a 'yan makonnin da hukuma take warewa, waɗanda galibi suke faɗowa tsakanin Yuli da Satumba gwargwadon kogi, lokacin da 'ya'yan bara sun fita daga tsakuwa, iyayen bana kuma ba su zuba ba. Dokar kamun kifi ta Kanada, wadda aka ƙarfafa a 2019, ta hana lalata mazaunin kifi ba da izini ba. Akwai sassauci na gaggawa, amma na ceton rai da dukiya ne, ba ƙofa ba ce ta yin aikin da aka daɗe ana so a yi ba tare da an tambayi kowa ba.

Itatuwan da ruwa ya tara a kogi fa, ba datti ba ne?

Ba datti ba ne. Wanda ya tokare bakin gada ko kwalbati a cire shi, sauran a bar su, domin a bayansu ruwa yake haƙa gurbi mai zurfi da sanyi inda ƙananan kifi suke fakewa. An taɓa share rafukan wannan yanki daga gungume da sunan taimakon kifi, yanzu kuma kuɗi ake biya a mayar da su.

Idan an mayar da komai yadda yake kafin ambaliya, ai an gama?

Nan ne nake jin haushi, domin yadda yake kafin ambaliya shi ne ciwon. Filin Sumas tafki ne da al'ummar Semá:th, 'yan asalin yankin, suke kamun kifi a cikinsa kafin a janye ruwansa a shekarun 1920, kuma injinan zuƙar ruwa na Barrowtown ne suke riƙe da shi a bushe. Wani binciken jami'ar Biritish Kolombiya na 2021 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na fadamar ƙasan Fraser da salmon yake shiga a da yanzu an raba shi da ita, ta hanyar jinga da ƙofofin ruwa da matsattsun kwalbatoci. Kwalbatin da ruwa ya tsinke, ƙaranci ne ya tsinke shi, to don me za a mayar da irinsa? A sa mai faɗi wanda ƙasansa tsakuwa ce, ya ɗauki ruwa mai yawa, kifi kuma ya wuce. Ƙofar ruwa a sa wadda take zama a buɗe sai ruwa ya tashi, injin zuƙa a sa wanda ba ya yanka kifi, jinga kuma a ja ta baya inda fili ya samu.

Aikin ɗan kwangila guda zai iya girgiza kifin kogi kamar Fraser?

Ya taɓa yi. A 1914, duwatsun da aikin layin dogo ya girgiza suka rufto cikin matsin Hell's Gate na kogin Fraser, ruwa ya yi ƙarfin da salmon ya kasa haurawa, 'yan asalin yankin suka riƙa kwasar kifi da koma suna tsallakar da shi, amma yawan nau'in salmon da ake kira sockeye ya faɗi warwas. Sai a tsakiyar shekarun 1940 aka gina wa kifin matakalar ruwa a wurin, shekara talatin bayan ɓarnar.