Wai duk mai sunan MacDonald jini ɗaya ne?

An daɗe ana cewa duk wanda ka ji ana kira MacDonald, a Kanada yake ko Ostireliya ko Jamaika, to kakansu ɗaya. Ba laifin masu faɗa ba ne, sunan ne ke ruɗarwa, don "Mac" a harshen Gelik na Sikotilan ma'anarsa "ɗan", wato ɗan Donald kenan. Shi Donald ɗin jikan Somerled ne, sarkin tsibiran yammacin ƙasar da ya rasu a 1164.

Amma fa a wancan zamanin manomi ko masunci da ke zaune a ƙasar shugaban dangi yakan ɗauki sunan shugaban don samun kariya, ko da ba su haɗa jini ba, wani kuma kawai sunan mahaifinsa ne Donald shikenan sunan ya bi zuriyarsa. Daga baya a ƙarni na 18 da 19 masu filaye suka tashi talakawa daga gonakinsu don kiwon tumaki, dubbai suka hau jirgin ruwa sai Kanada da Amurka da Ostireliya. A Jamaika kuwa abin akwai ciwo, bayi da yawa sunan masu gandun rake ne ya zama nasu.

In kana son tantance irin wannan magana, duba takardu, kar ka tsaya kan suna. Sikotilan na da ƙidayar jama'a mai sunaye tun 1841, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1855, ga kuma gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na gano zuriya ta ɓangaren uba.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su karanta.